Janar a Rumfar Mahauta

Talata Mafara,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Hajiya Hauwa'u, Bakura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Ya ƙafa, ya damina, ya kuma wannan zaman ɗar-ɗar da muke ciki? Allah Ya kawo mana sauƙi.

Kulu, kin san na daɗe da daina rubuta wa mutane takarda. Amma tun da aka toshe layukan waya ba ni da wata hanya sai Sufyanu direba, kuma abin da na gani jiya ba zai jira a buɗe waya ba.

Jiya da hantsi na gangara rumfar mahauta ta bayan tasha in sayi ɗan nama. Kin san babbar kasuwa ba ta ci yanzu, sai 'yan teburan nan na kullum. Na tarar da mutane sun kewaye teburin Fa'izu, ɗan ƙaninku marigayi, amma ba mai magana. Na ɗauka faɗa aka yi. Da na kutsa sai ga wani tsoho a bayan tebur cikin farar shadda mai aikin hannu, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya riƙe barho yana raba tsoka da ƙashi. Jini har gwiwar hannunsa. Hularsa tana kan kututturen sara, ƙafarsa kuwa silifas ɗin wanka ne.

Yayanki ne, Kulu. Tukur ne. Birgediya Janar Tukur Malami mai ritaya, wanda ya yi yaƙi yana saurayi, ya yi kwamanda, ya yi gwamnan soja a jihar da in ya yi tari sai rediyo ta faɗa. Shi ne tsaye yana kora ƙuda da gefen hannu.

Kin san yadda muka rabu da shi. Shekarar da aka raba ni da shugabancin makaranta ba da laifina ba, na hau mota na tafi har jihar da yake mulki. Na tsaya a ƙofar gidan gwamnati har ya fito. Na kira sunansa, ya dube ni ido cikin ido, ya ce wa dogarinsa bai san ni ba. Ni da muka kwana ɗaki ɗaya a makarantar Sakkwato, ni da nake yi masa lissafi yana barci. Fiye da shekara talatin ina gyaran maganar da zan faɗa masa ran da Allah Ya haɗa mu. Na san farkonta, na san inda zan ɗan tsaya ya ji zafinta. Jiya na buɗe baki, sai ya ɗago kai ya riga ni.

Ya ce, "Bala mai biro, ka tsaya nan kamar an dasa ka. Inna ta aiko ka? Gaya mata yau tozo ya ƙare, sai gobe."

Mahaifiyata ta rasu tun kafin ya zama kanar. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, Janar." Kulu, waigawa ya yi ya ga da wa nake.

Fa'izu ya ja ni gefe. Ya ce da sassafe wani mai mashin ya sauke shi daga Maradun, shi kaɗai, ba soja ba direba. Ya iso tebur kai tsaye ya tambaya ina Baba Nagode, mahaifinku. Fa'izu, wanda Tukur bai taɓa taka ƙofar gidansa ba, ya ce masa Baba ya tafi kara sayen shanu. Sai Tukur ya ɗauki barho ya gwada a babban yatsa, ya ce, "Wa ya wasa wannan? In Baba ya dawo za ku sha zagi." Ya wasa da kansa, ya kama aiki.

Na tsaya nan har azahar. Yana kasa nama, yana ciniki da mata, yana tsokanar masu tsire. Wasu tsofaffi sun gane shi suka yi salati suka wuce. A zauren Fa'izu ya kwana, yau ma yana can.

Ni ban san abin da zan yi da wannan ba. Ko 'ya'yansa sun san inda yake? Ke kin san da wani abu? Ki ba Sufyanu amsa gobe in ya biyo.

Ki gaida mutanen gida. Allah Ya bar zumunci.

Naki,
Balarabe.

*

Bakura,
Alhamis.

Zuwa ga Yaya Bala.

Amin, wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da lahiya, ina gaishe ka da ƙoƙari. Mu nan lahiya lau, sai gwiwar nan da ka sani. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba irin naku na Zariya ba.

Takardarka ta iske ni ina tsintar wake. Na karanta na sake karantawa, ban farga ba har akuya ta ci rabin tire.

Yaya Bala, ciwon mantuwa ne, kuma ya daɗe. A Kaduna ya fara. An ce wata rana ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Ɗansa Anas ya ɗauko shi ya kawo shi babban gidan nan na Maradun ya aje, don kada manyan mutane su gan shi hakanan. Ni ma ba su gaya mini ba, a bakin matar mai gadi na ji. Na tafi da Sallah, ya kama hannuna yana ce mini Inna. Ana kawo mishi abinci a faranti mai ruwan zinari yana turewa. Ya rame har wuyan rigarshi ya yi mishi yawa.

Kai ka san tushen abin ga. Kawu Malami, magatakardan alƙali a Maradun, shi ya ɗauke shi ya sa shi boko ya rubuta shi da sunanshi, don a ganinshi ɗan mahauci ba ya zuwa ko'ina. Amma duk hutu Tukur na nan bisa teburin Baba, har ya shiga soja. Da ya yi gwamna ya aiko wa Baba cewa ya aje wuƙa, zai gina mishi gida ya ɗauke mishi ci da sha. Baba ya ce wa ɗan aiken, "Gaya wa gwamna wuƙar ga ta ciyar da shi har ya yi ƙarfin ɗaukar bindiga, ba ni jefar da ita don ya yi girma." Daga nan bai sake zuwa Mafara ba sai ran jana'izar Baba, ita ma daga nesa ya tsaya.

Kana cewa ya ce bai san ka ba. To ni fa, da muka sha nono guda? Ko bikin 'ya'yanshi ba a kira ni ba. Don Allah ka aje fushin nan naka gefe, ai ba ya ruɓewa, ka ɗauka daga baya.

Abu guda nike son ji da ba ka faɗa ba: ya ci abinci? In yana ci a gidan Fa'izu, ku bar shi nan. Kada ka bari a ɗauke shi kafin in samu motar da za ta iya da ƙafata. Kai ne mai bakin da za ka yi wa yaran nan magana su ji.

Ka gaida Fa'izu, ka ce Allah Ya yi mishi albarka.

Ƙanwarka,
Hauwa'u.

*

Maradun,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Baba Malam Balarabe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan Baba yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali.

Ni ne Anas, babban ɗan Janar Tukur Malami. An shaida mini cewa kai abokin karatunsa ne, kuma kana cikin waɗanda suka zauna kusa da shi a kwanakin da ya yi a Mafara. A madadin iyali ina miƙa godiya. Da labarin ɓatansa ya same ni a Abuja, mun ɗauka masu garkuwa ne suka tafi da shi. Allah kaɗai Ya san halin da muka shiga. Jiya mun dawo da shi gida lafiya.

Ina roƙon Baba, a matsayinsa na dattijo mai ilimi, ya taimaka a kashe maganar nan a gari. Ba don kunya kaɗai ba. Baba ya san halin da ƙasar nan take ciki. Tsohon gwamna a tsaye a bakin tasha ba mai tsaro, daidai yake da a yi wa mutanen daji shela.

Akwai kuma tambaya, ina neman gafara a kanta. Mahaucin da muka same shi a wurinsa ya riƙe hannuna ya ce shi ɗan'uwana ne, wai kakanmu ɗaya. Mu abin da muka tashi muka sani, kuma abin da ke rubuce a tarihin mahaifinmu, shi ne daga gidan malamai da alƙalai na Maradun ya fito. Na ɗauki maganar mutumin a matsayin irin ta masu neman kusanci. Amma tun da muka dawo, mahaifina yana ta tambayar wani Nagode, kuma na ga yadda ya riƙe wuƙa. Ba a koyon wannan a barikin soja.

Ina roƙon Baba ya faɗa mini gaskiya.

Ɗanka mai biyayya,
Anas Tukur Malami.

*

Talata Mafara,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Anas.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na gode da gaisuwa. Ina fatan gajiyar hanya ta sake ka.

Ka nemi gaskiya, ga ta. Nagode kakanka ne. Mahauci ne, ɗan mahauci, a nan Mafara aka haife shi a nan aka rufe shi. Malami kawun mahaifinka ne, aron sunansa aka yi. Fa'izu ɗan ƙanin mahaifinka ne, kuma tsohuwar da take zuwa muku da Sallah daga Bakura, kuna ba ta masauki a ɗakin masu aiki, gwaggonka ce uwa ɗaya uba ɗaya da shi. Littafin tarihin nan na karanta shi. Turancinsa mai kyau ne.

Ka ce kun dawo da shi gida lafiya. Kai kana cikin mota gilashi a rufe, saboda haka bari in gaya maka yadda aka yi, don ina wurin.

Sojojinka biyu suka iso teburin suka ƙame suka sara masa. Yana riƙe da haƙarƙari. Da ya ga kaki sai ya saki naman. Ya ɗauka duba-gari ne, irin na zamaninmu, masu zuwa su ce nama ya lalace a zuba masa kananzir. Ya fara rantsuwa cewa yankan safe ne, ya ɗaga naman yana nuna musu su sansana. Da ɗayansu, wani kofur, ya kama hannunsa a hankali, sai ya durƙusa. Ya durƙusa a cikin ruwan jini da kwata, yana cewa, "Ku yi wa Allah, ranku ya daɗe, Baba ba ya nan, in kuka tafi da ni ba mai tsaron tebur." Kofur ɗin da bai kai jikansa ba ya rasa inda zai sa idonsa.

Na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin na ran nan ba. Mutumin da na sani kwamishinoni suna cire takalmi kafin su shiga ofishinsa, shi ne yake roƙon kofur. Na daɗe ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar da zai san zafin wulaƙanci. Da aka nuna mini ita, amai na yi a bayan rumfa.

Yanzu ga abin da ya kamata ka sani. A gidan Fa'izu yana cin tuwon dawa malmala biyu, yana tauna ƙashi, yana neman ƙari. Yana barci har sai an tashe shi sallah. An ce mini a gidanku ba ya ci. Ka auna wannan da kanka.

Maganar tsaro da ka yi gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma mutum yana iya mutuwa a bayan katanga ba tare da kowa ya harbe shi ba. Shawarata ka dawo da shi cikin danginsa. Kada ka ɗauka don ƙauna nake faɗa. Tsakanina da mahaifinka akwai abin da ba naka ba ne. Sai dai wanda nake fushi da shi Janar ne, shi kuwa ban san inda ya shiga ba. Wannan da ya rage yaron Nagode ne, shi bai yi mini komai ba tukuna.

Batun kashe magana kuwa, a Mafara an yi abu a bakin tasha da rana tsaka. Ko ni gwamna ne ban iya ba.

Allah Ya yi maka jagora.

Balarabe.

*

Bakura,
Laraba.

Yaya Bala,

Salamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, ya jiki? Allah Ya ƙara mana haƙuri.

Na je Maradun na dawo jiya. Anas da kanshi ya aiko mota ta ɗauke ni, kuma ya durƙusa har ƙasa ya ce mini Gwaggo. Ban san abin da ka rubuta mishi ba, amma ya shige shi. Yaron ba mugu ba ne, tsoro ya yi mishi yawa.

To ka ji abin da ya yi. Da ya ga uban ya ƙi abinci yana ta kai da komo bakin ƙofa, sai ya ce tun da kasuwa yake so, a kawo mishi kasuwa gida. Ya sa an kafa rumfar kwano bayan gida kusa da wurin aje motoci, an yi tebur mai tayil, an sayo wuƙaƙe sababbi cikin kwali. Kullum da safe ana yanka a kawo nama a shimfiɗa. Sai a tara kuku, da mai ban ruwan fulawa, da direbobi, da sojoji cikin farin kaya, a ba kowa kuɗi a hannu, a ce su je su saya.

Yaya Bala, na zauna na kalla. Layi suke yi kamar masu karɓar allura. Kowa in ya iso sai ya rusuna ya ce ranka ya daɗe. Duk abin da Tukur ya faɗa sai su miƙa, ba tayi, ba a rage, ba wanda ya taɓa naman ya ce ƙashi ya yi yawa. Ba mai cewa a yi mishi gyara. Su karɓa da hannu biyu su zagaya su kai kicin, gobe a sake.

Ranar farko an ce ya yi murna. Ta biyu ya riƙa kallonsu ɗaya-ɗaya. Ran da na je, ya kasa wa wani soja kitse zalla da agara, ya faɗi kuɗin cinya guda, sojan ya biya ya ce na gode. Tukur ya bi shi da kallo, ya aje wuƙa a hankali ya zauna. Tun daga nan bai sake ɗauka ba. Ko ruwa sai an yi da gaske.

Anas ya ce in bai ci abinci ba zuwa Juma'a zai kai shi asibiti Abuja, inda ake rufe irinsu a ɗaki a riƙa ba su abinci ta roba. In aka kai shi can ni da kai ba mu sake ganinshi.

Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Duk gidan nan ba mai iya ɗaga mishi murya, ni kuwa Inna yake ganina, ba ya ciniki da ni. Kai kaɗai ka rage a duniya da za ka iya zagin Tukur. Ka je ka sayi nama. Ban ce ka yafe mishi ba, na ce ka je ka sayi nama.

Ƙanwarka,
Hauwa'u.

*

Talata Mafara,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga Hajiya Hauwa'u.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da Juma'a. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi bayan wahalar hanya.

Da na karanta takardarki na ce ba za ni ba. Na taɓa zuwa ƙofar mutumin nan sau ɗaya, ya ishe ni. Haka na faɗa wa kaina har na tsinci kaina a motar Maradun jiya da safe.

Anas ya tarbe ni ya kai ni bayan gida. Yadda kika faɗa haka na gani. Nama a jere kan tayil kamar a hoto, mutane a layi hannu a baya, shi kuma yana kan kujerar roba kansa a sunkuye. Ya ƙara ramewa a kan yadda na san shi makon jiya.

Ban bi layi ba. Na je na ɗaga wata tsoka da yatsa biyu na sansana, na ce, "Kai mai nama, wannan saniya ku kuka yanka ta ko tsufa ne ya riga ku?"

Wani soja ya yunƙuro, Anas ya tare shi. Tukur ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Aje mini nama in ba saye za ka yi ba. Malaman makaranta, baki cike da Turanci, aljihu cike da alli."

Na ce, "Kasa mini in gani."

Ya miƙe. Sai da ya dafa tebur, amma ya miƙe. Ya kasa, ya faɗi kuɗi, na taya rabi. Ya ce albarka. Na ce duk jijiya ce, ko kare sai ya yi shawara. Ya ce in je in sayi wake, shi ne daidai ƙarfina. Na juya kamar zan tafi, ya ce, "Zo nan, ɗan rainin wayo, kawo abin da ke hannunka."

Kulu, ban san lokacin da abin ya kuɓuce mini ba. Maganar nan da na yi shekaru ina gyarawa ta fito, ba a yadda na tsara ta ba. Na ce masa kai macuci ne, Tukur, mai mance alheri, mai gudun danginsa. Na ce ka bar ubanka ya mutu yana jiran sallamarka, ka bar ni tsaye a rana kamar maroƙi. Ma'aikatan gidan duk sun daskare. Ya saurara har na gama, yana share wuƙa a gefen riga. Sai ya yi dariya, ya ce, "Zagi ba ya rage kuɗin nama, Bala. Ka gama in ƙunsa maka?"

Iyakar amsar da na samu ke nan. Na ce a yi mini gyara. Ya ce ban cancanta ba, sannan ya yanko guntu mai kyau ya jefa a kai.

Na sa kuku ya gasa mana shi nan take, muka zauna a ƙasa. Ya ci. Ya ci fiye da ni, ya sha fura, yana ba ni labarin wani malaminmu na Sakkwato kamar jiya aka yi. Anas yana tsaye jikin mota yana share ido.

Da muka gama sai ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce, "Bala, wagga ba kasuwa ba ce. Ba ƙuda, ba kare, ba mai gardama. Mutanen ga tsorona suke ji, ni kuwa ban san abin da na yi musu ba. Ka san abin da na yi musu?"

Na ce ban sani ba. Me zan ce?

Ya ce, "To ka kai ni gida. Baba zai dawo daga kara ya iske tebur ba kowa."

Anas ya ji da kunnensa. Muka koma zaure muka daɗe. Ya ce in aka sace shi fa, me zai gaya wa ƙannensa? Na ce ba ni da tabbacin da zan ba shi, amma ya ga abin da ya gani yau, kuma rundawan Mafara, mahautan garinmu, ba su taɓa barin a taɓa nasu suna tsaye da wuƙa a hannu ba. Daga ƙarshe ya ce ya fasa Abuja. Ranar Litinin zai kawo shi gidan Fa'izu da kansa, da soja ɗaya cikin farin kaya, ba jerin motoci. Ya ba ni hannu a kan haka.

Fa'izu ya fara share ɗakin Baba Nagode, ya ce zai kayar da sa ran nan ko da shanu sun yi wuya. Ni ma, kada ki yi dariya, na sayo sabuwar tabarma da buta. Ki taso ranar Talata, ya kwana ɗaya ya huta tukuna. Ki zo da daddawar nan taki.

Allah Ya kai mu lafiya.

Yayanki,
Balarabe.

*

Talata Mafara,
Litinin.

Kulu,

Salamu alaikum. Kada ki taso gobe.

Tun da safe Fa'izu ya yanka sa, ya share gefen tebur, ya wasa barho ya ajiye. Na zauna a benci ina duban hanya. Da hantsi baƙaƙen motoci suka ɓullo daga wajen Maradun, muka miƙe tsaye. Ba su rage gudu ba. Suka ɗauki hanyar Sakkwato, wajen filin jirgi, inda ake tashi zuwa Abuja.

Tukur yana kujerar baya a motar tsakiya, an sa masa babbar riga da hula. Ya juyo yana kallon rumfa, yana bugun gilashi da tafin hannu, bakinsa yana motsi.

Sufyanu ya ce ana rade-radin wasu baƙi sun yi ta tambaya a tasha yaushe Janar zai dawo. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila Anas ya yi abin da kowane ɗa zai yi. Ni dai bai aiko mini da ko kalma ɗaya ba.

Kafin takardar nan ta same ki sun wuce Lambar Bakura. Rana tana yi, naman yana nan, Fa'izu ya ƙi barin kowa ya tsaya a gefen da ya share. Ni ma ban iya tashi ba, a kan gwiwata nake rubuta miki.

Allah Ya ba mu haƙuri.

Balarabe.